Robar da Aka Sa wa Kubra

Ba a yi wa Goggo Maimuna ta Jos Jarawa bayanin wankin ciki, don ita ma an yi mata tun zamanin haƙar kuza. Barci aka sa ta, aka kankare ta da ƙarfe, ta farka tana amai, ta yi kwanaki a gadon asibiti ana kai mata kunu.

To ga Kubra, matar ɗanta Haladu mai sana'a a kasuwar Katako, ta yi ɓari, jini ya ƙi tsayawa. Da hantsi ya kai ta asibiti, kafin la'asar sai ga ta ta shigo gida da ƙafarta.

"Ke 'yar nan, an fasa ne?"

"An yi, Goggo. Ragowa ce ta maƙale, Sista Ulonma ta zuƙe ta da wani bututun roba. Idona biyu ma."

Roba! A gidajen suna Goggo ta sha jin cewa da roba ake toshe wa mata mahaifa, su zo su yi ta kwalliya ba goyo. Wankin da ba barci, ba ƙarfe, ai ba ciro wani abu aka yi ba, sakawa aka yi. Wa ya sani ma ko da bakin yarinyar?

Goggo ta miƙe. Ta shiga madafa ta dafa saiwoyi da jar kanwa, irin haɗin da ke ɓalle jini ko ga mai ƙoshin lafiya, ta dire kwanon gaban Kubra.

"Shanye. Ko me suka cusa, zai fito."

"Sista ta ce ban da ƙwayoyin da ta ba ni, kada in sha komai."

"Ai dole ta ce haka."

Kubra ta sunkuyar da kai. Can ta jawo jakarta, ta fito da ƙullin farin ƙyalle, ta miƙa da hannu biyu.

"Roƙonta na yi ta ba ni. Na ce mu ba ma barin namu a bola, Goggo ce ke binnewa."

Goggo ta kwance, ta duba. Ragowar ɓarin ce. Ta san abin, ta taɓa binne irinsa. Ta daɗe a tsugune, sannan ta ɗauki fartanya ta yi bayan ɗaki, gindin gwaiba. Da ta dawo ta tuttule kwanon a kwata.

Amma fa har maƙwabta ta gaya wa, ita da robar nan ba sulhu, sai ranar da ta ga Kubra na tsartar da miyau tana neman ɗata.