Sunan Kyanwar Malam Abarshi

"Hid da shi waje! Hawa'u, don Allah hid da ruwan ga!"

Kofin ya suɓuce daga hannuna. Malam Abarshi maƙwabcina ne a Malbaza, tsohon malamin Larabci da ya ajiye aiki. Shekara goma sha ɗaya ina kai masa tuwo tun rasuwar matarsa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yau ga shi ya manne da bango, maƙogwaronsa na shaƙewa, idonsa kan ruwan da ya zube.

Da muka kai shi asibiti, Manjo Tijjani, babban ma'aikacin jinya, ya ja ni gefe.

"Kare ya taɓa cizo nai?"

Sai na tuna. Wata biyu da suka wuce, bayan inda manyan motocin siminti ke tsayawa, Malam ya ƙwace 'yar kyanwa daga bakin wani kare, karen ya kama masa wuyan hannu. Ya ɗaure da tsumma, ya ce ba komai. Na faɗa wa Manjo, ya ce ciwon haukan kare ne.

"Mussar hwa, tana ina?" in ji Manjo.

Na tura hannuna cikin zane, amma ya riga ya gani. Kwana uku ke nan da ta cije ni a yatsa, garin ƙwace kan kifi.

"Gobe da sahe ki tai Konni ki hwara allura," ya ce. "Kuma ki biɗo ta. In ta cika kwana goma da cizon tana ci tana sha, ba ta sa miki komi ba. In ko ta mace..." 

Kyanwar kuwa ta tsere tun da Malam ya fara ihu. Dama 'yar banza ce mai tsoron mutane, kiransa kaɗai take amsawa. Sunan kuma ban san shi ba.

Wata biyu cur Malam yana neman sunan nan. Zai zauna a gindin bishiyar bedi, ya buɗe gafakar kakansa, yana bin tsofaffin ƙasidu da yatsa, yana ciro sunayen matan da aka yi wa waƙa. Na sha yi masa tsiya: mutane na neman gero, kai kana neman sunan mussa! Shi ko a jikinsa. Wannan suna ya ce na mata masu daraja ne, bai kamaci dabba ba. Wancan kuma matar mahauci ke amsa shi, kada a ce ya zage ta. Makon jiya ya ce ya samu, har ta fara amsawa, amma sai ranar Juma'a zai faɗa mini, da goro. Na ce har da rago?

Da na dawo daga Konni na wuce asibitin. An ɗaure shi a gado da zannuwa, ɗansa Tanimun na zaune a ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Ina jin kunyar faɗa, amma ban iya shiga ba. Mutumin da ya yi wa 'ya'yana huɗuba, tsoronsa nake ji. Daga bakin ƙofa na tsaya.

"Baba Malam, mi ne sunan mussarka?"

Ya juyo. Hankalinsa ya ɗan dawo a lokacin. Ya daɗe yana kallon farin ƙyallen da ke yatsata.

"Ta cije ki?"

Na gyaɗa kai. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

"Ulayya," ya ce da ƙyar. "Ki kira ta sannu, ba ta son hayaniya. Ki gahurta mini, ɗiyata. Ni na kawo ta."

Washegari, kafin la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

Ana ta karɓar gaisuwa, ni ina ƙirga kwanaki. Duk safiya sai na ɗauki moɗa, na kurɓa, na tsaya ina sauraron maƙogwarona. Na bi bayan gidaje da kangaye ina kiran Ulayya a hankali, har mata suka fara kallona suna janye yaransu. Duk mushen da na hango a bola sai na matsa na duba ko ita ce.

Rana ta goma da cizon, bayan masu gaisuwa sun watse, na shiga gidansa da kwanon ruwa, na zauna a gindin bedin.

"Ulayya," na ce. Na sake cewa.

Wani abu ya motsa bayan tulin buhunan siminti. Ta fito, ta rame, ƙura duk jikinta. Na naɗe ƙafafuna, na tura mata kwanon da sanda.

Ta matso. Ta tsaya a kansa tana shinshina. Can ta sunkuyar da kai, na ji ƙarar harshenta a cikin ruwan, laf, laf, laf.