Motar da Ta Yi Dariya a Bangon Malam Basharu

Malam Namadi mutumin Kalgo ne, kuma in akwai abin da Allah Ya hore masa tun yana yaro, to zanen mota ne. Gidansu na bakin hanya, motoci na wucewa, shi kuwa yana durƙushe yana kwaikwayonsu a ƙasa da tsinke, har uwarsa ta ce wannan ɗa ko dai direba ko shashasha. Bai zama ko ɗaya ba, malamin makaranta ya zama. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko aka turo shi Maruda daga Gwandu, aka danƙa masa 'yan aji ɗaya, ko gemu bai gama tsirowa ba.

Ranar da ya iso, hedimasta Tambari ya ja shi gindin itacen bedi ya karanta masa dokar gari.

"Ɗiyan ga da kaka gani, aro na anka ba mu," in ji shi. "Sai da Malam Basharu yab ba da jikatai Hassana, kana sauran gidaje sunka sako nasu. Sharaɗi guda yag gindaya: ba a zana surar mai rai gabanta. Ran da yaz zare ta, ajin ga ya watse, ni ko Gwandu za ni in ce kai na."

Malam Basharu shi ne babban malamin garin, wanda in ya yi tari a zaurensa sai an ji a kasuwa. Tun daga ranar Namadi ke tafiya kamar mai taka ƙwai. Littafin da aka ba shi cike yake da akuya da zakara, sai ya riƙa tsallake shafi yana zana tulu, kujera da tsani, har yara suka fara hamma in ya ɗauki alli. Wa ya taɓa jin daɗin tsani?

Wata Laraba dabara ta faɗo masa. Mota ai ƙarfe ce, ba rai gare ta ba, ko malamin da ya fi kowa tsanani ba zai ce uffan ba. Ya ji hannunsa na ƙaiƙayi.

"Kowa shi ɗauki siletinai," ya ce wa yaran. "Ku yi ƙwarya ku kihe ta. Madalla. Ƙarƙashinta ƙosai biyu, su na taya."

Yara suka duƙufa, harsuna a waje. Motarsa ta fito a kan allo ƙatuwa, gajeruwa, mai tumbi, tana fuskantar aji. Ya yi mata gilashi, ya yi mata fitilu biyu manya, ya ɗiga ƙwan fitila a tsakiyar kowace. Ya zo kan ƙarfen gaba, hannu ya kwashe shi, ya lanƙwaso bakinsa biyu sama.

Sai aka ji dariya daga benci na baya, wata 'yar siririyar dariya mai shaƙewa. Hassana ce. Yarinyar nan tun da ƙyanda ta ɗauke abokiyar tagwaitakarta da bazara ba wanda ya ga haƙorinta, ko sunanta aka kira kai kawai take ɗagawa.

"Malam," ta ce, "dariya takai!"

Aji ya kwashe da shewa. Namadi ya ja da baya ya dubi allo. Ido biyu, baki har kunne: fuska ce sak, ba ko tantama. Tsumman gogewa na hannunsa, kuma ya san abin da ya kamata ya yi. Amma ya dubi Hassana tana ƙyalƙyalawa tana dukan benci, sai ya kasa. Ya bar motar har aka buga ƙararrawa, sannan ya bi siletoci ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana roƙon yara kada su faɗa a gida. Mai roƙon ɗan shekara shida ya riƙe sirri, ai gara ya zuba ruwa a kwando.

Washegari da safe ya fito zai tafi makaranta, ya tarar motarsa ta riga shi zaga gari. Ga ta a jikin rumbu, ga ta a katangar mahauta, da gawayi, kowace ta washe baki tana kallonsa. Ya sa gefen riga ya goge ɗaya, ya hango uku a gaba. Da ya karyo kwana sai ya ga mafi girmansu tana jikin bangon zauren Malam Basharu, dab da ƙofa. Wadda ta zana ta har gashin ido ta yi mata, ta ja mata kwalli.

Hassana ba ta zo makaranta ba. Yini guda Namadi yana koyar da ƙidaya idonsa na kan gurbinta, ko inuwa ta gifta taga sai ya zabura, yana zaton iyaye ne suka zo kwashe 'ya'yansu. Tsoro yake ji ƙwarai, ba na kora kaɗai ba. Yaran nan sun fara gane baƙi, wasu har sunansu suke rubutawa, shi ke nan zai mayar da su gida saboda ƙaiƙayin hannunsa? Da aka tashi Tambari ya leƙo, fuska ba annuri.

"Malam Basharu na kiranka bayan la'asar," ya ce. "Kai ɗai. Ni babu ruwana."

Tuwon rana bai ciyu ba. A hanya Namadi ya yi ta shirya hujja yana warwarewa. Zai ce mota ba ta da rai. Zai ce fitila ce, ba ido ba. Zai ce aikin yara ne. Ko da ya iso ya ga dattijon zaune kan buzu a ƙofar zaure, littattafai a gefensa, motar na dariya a saman kansa, hujjojin nan duk suka gudu suka bar shi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Malam Basharu ya amsa a taƙaice, ya nuna bango da tasbaha. "Wanga abu mi na?"

"Mota ta, Allah shi gafarta Malam."

"Mota da idanu?"

"Hitilu na, Malam." Ya ji kunyar kansa. "Amma gaskiya da nig gama na ga ta yi kama da huska. Ban goge da wuri ba."

"Don mi?"

"Hassana ta yi dariya," in ji Namadi, ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya dubi littattafan da ke gefensa. Can ya ce tun hantsi yake duba littattafai, bai ga inda aka ambaci mota ba. Rai dai babu gare ta, wannan haka ne. Amma ido ido ne, kuma ransa bai kwanta da abu yana kallon masu shigowa karatu ba. Ya tura masa buta da tsumma.

"Kai kaf fara, kai ka ƙarasawa. Tashi."

Namadi ya miƙe, ya tabbata an gama da shi, gobe benci zai koyar. Yana jiƙa tsumma ya hango Hassana ta ƙofar ciki, maƙale da labule, yatsunta baƙi ƙirin da gawayi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya goge ido ɗaya, kwallin ya dalalo a bango. Ya goge na biyun. Yarinyar ba ta yi kuka ba, fuskarta dai ta koma yadda ya saba ganinta, kuma wannan ya fi masa kuka ciwo. Ya kai tsumma kan bakin motar.

"Tsaya," in ji Malam Basharu.

Namadi ya tsaya, ruwa na bin hannunsa zuwa gwiwar hannu. Dattijon ba shi yake duba ba, ƙofar ciki yake duba.

"Idanu nic ce maka. Gobe ta koma makaranta, in za ka yi musu mota ka yi ta ba hitila, ta yi tahiyar rana." Ya jawo littafinsa ya buɗe, muryarsa ta yi ƙasa. "Bakin ka bar shi. Tun bazara ba mu ga dariya ba cikin gidan ga."