Malama Jan Biro

Ina kicin ina yanka albasa 'yar maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, ido jajur.

"Inna, Mama ta tafi."

"Ina kuma? Ba jiya aka sallamo ta daga asibiti ba?"

Sai da ta fashe da kuka na gane. Na zauna a ƙasa da wuƙar a hannuna.

Maƙwabciyar tawa tsohuwar malamar Turanci ce. Duk layinmu Jan Biro ake ce mata, don ko allon mai aski ta gani da kuskure sai ta tsaya ta gyara. Ni kuwa iyakata aji uku. Saboda jikata na je wurinta koyon Turanci. Ɗana yana aiki a ƙasa mai nisa, can aka haifi yarinyar, ko "zo in kashe ki" ba ta sani ba da Hausa. In aka ba ta waya sai mu yi ta kallon juna, can ta ajiye ta gudu. Abin yana ci mini rai.

Malama ta ce, "Kawo kujerarki, ɗalibata mai furfura."

Na sha wuya. Ranar farko na nuna ɗakin girki na ce, "I cook in chicken."

"A cikin kaza kike girki? To Allah ya ba kazar haƙuri. Kitchen!"

Wata rana na ce mata ni angry ce, alhali yunwa nake nufi. Ta ja kujerarta baya. "Wa ya taɓa ki? Hungry, baiwar Allah. Ki sako iskar nan ta gaba, ba a saye."

A asibiti ma ba ta bar ni ba. Likita ta shigo, na so in burge, na ce, "He is good doctor." Malama tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, amma sai da ta ɗaga yatsa.

"She. Mace har mace kin liƙa mata gemu."

Likitar ta yi dariya har da riƙe gado. Darasinmu na ƙarshe ke nan.

Kwana uku da rasuwar Malama, ɗana ya kira, ya juyo wayar wajen yarinyar. Ta ga idona, ta tambayi ubanta me ya sami Kaka. Ban jira shi ba. Na tattaro ɗan abin da nake da shi na ce, "My friend die. She is my friend."

Yarinyar ta karkata kai. "Was, Kaka."

Uban ya ce, "Inna, wai in mutum ya rasu, was ake cewa."

Na ce, "Is."

"Was!"

"Is!"

Muka yi ta ja har cajin wayata ya ƙare. Ba ta taɓa daɗewa da ni haka ba.

Yanzu kullum da yamma sai ta kira, wai ta ɗauke ni ɗaliba. 'Yar shekara bakwai, amma ga tsanani. Duk abin da ta gyara ina karɓa, har in maimaita sau uku. In za mu yi sallama sai in faɗi waccan guda ɗaya yadda na saba. Ta dafe goshi, ni kuwa in kashe wayar ina dariya.