Matakala Ta Goma

Yusnimar na warware ƙunshin shinkafarta daga ganyen ayaba, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, mahaifinta na ta yi mata ƙorafin gwiwa. Duk hantsin Juma'a sai ya kira ta a ofis, kuma duk kiran da gwiwa yake farawa kafin a zo kan labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu.

"Tsufa ne, Abak," ta ce. "Ka sha maganin da na aiko?"

"Na sha. Kuma ba tsufa ba ne, matakala ce ta ƙaru. Shekara arba'in ina sauka bakwai daga farfajiyar masallaci in taɓa ruwa in yi alwala. Yanzu sai na sauka tara. Biyun ƙasan nan duk gansakuka, jiya saura ƙiris liman ya yi ƙafa sama a gaban jama'a."

Ta yi dariya, ta kai loma. "Tafkin ne ya ja baya."

"Da wannan ruwan saman da ake tafkawa kullum? To, je ki faɗa wa gwaggonki Rosna a tsallake. Ita har madafi ruwan ya bi ta, a tsaye take girki cikinsa kamar balbela."

Lomar ta tsaya mata a baki. Ta ce masa an kira ta, za ta neme shi an jima, ta ajiye wayar. Ruwan da ke cikin kwano ɗaya ba ya ja baya a wannan gefe ya hau a wancan, sai in wani ya karkata kwanon. Wannan ko mai wanke-wanke ta sani, balle mai digiri biyu.

Shekara shida ke nan tana wannan ofis na masu sa ido kan dutse, tafiyar awa uku daga ƙauyensu Muaro Kalam. Ƙauyen na zaune a bakin tafki, tafkin kuwa na kwance cikin ƙwaryar wani tsohon dutse mai aman wuta da bakinsa ya rufta tun ba a yi kakannin kowa ba. Duk kwana goma sha biyu tauraron ɗan'adam kan wuce ta sama ya auno tudun ƙasar. Ita kuma ta ɗora sabon awo kan tsoho: inda ƙasa ta kumbura ya fito ja a taswira, inda ta lotsa ya fito shuɗi. Sai dai tauraron bai san sama da ƙasa ba. Iyakarsa ya ce nan ya fi can tashi. Dole sai an zaɓi wuri guda an ce wannan ba ya motsi, a auna komai da shi. Turke suke ce masa a ofis.

Ita ta zaɓi turken, a shekararta ta farko. Kewayen tafkin duk kurmi ne da gonakin shinkafa, abubuwan da tauraro ba ya gani da kyau. Wuri ɗaya ne ke fitowa tas a kowane awo: rufin kwano da farfajiyar siminti na masallacin ƙauyensu, wanda aka gina kan baƙin fa, shimfiɗaɗɗen dutse. Ta tuna daɗin da ta ji ranar, har da ɗan taƙama. Duk faɗin ƙwaryar nan da masallacin da ubanta ke kiran salla ake auna ta. Da ta faɗa masa, sai da ya faɗa wa kowa, har mai kawo abincin kifi.

Wata huɗu da suka wuce ƙasa ta fara rawa, aka kwashe ƙauyukan bakin ruwa aka zuba su a ajujuwan makaranta can bayan tudu. Wata uku suna kwana kan tabarma, kifinsu na mutuwa a keji ba mai ba shi abinci. Daga baya girgizar ta lafa. Taswirar Yusnimar kuwa ta fito da shuɗi shimfiɗe tun daga tsakiyar tafki har tsallake, gefen ƙauyensu fari fat, ba motsi. Kowa ya karanta abu ɗaya: dutsen ya sauke numfashi, abin da ya taso masa daga ƙasa ya koma. Aka sassauta gargaɗi. Mako biyu ke nan da mutane suka koma gida, kuma mahaifinta ne ya shiga motar farko.

Ta ture shinkafar, ta jawo kwamfuta. Sai da ta shigar da lambar sirri sau biyu. Ta cire turken daga masallaci, ta kai shi titin filin jirgin sama da ke nesa da dutsen. Ba a son turke mai nisa haka, domin gajimare na ɓata awo, amma yau ba tsafta take nema ba. Kwamfutar ta shiga lissafi. Minti ashirin take ɗauka, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan Yusnimar ta karanta duk addu'ar da ta sani, wasu ma sau biyu. Ta roƙi Allah ya sa gwiwar tsoho ce kawai.

Taswirar ta fito daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Tsallaken tafki ya fito kusan fari. Tsakiyar ruwa babu komai. Da layin ya iso Muaro Kalam sai launi ya fara ɗorawa, ruwan ɗorawa, ruwan goro, sannan ja wur, kuma tsakiyar jan, inda ya fi duhu, ɗan murabba'in rufin masallacin ne. Ashe ba duniya ce ke lotsewa ba, inda ta tsaya ne ke tashi, kamar wanda motarsa ta fara tafiya a tasha ya ɗauka ta kusa da shi ce ke ja da baya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma kunya na biye da shi.

Ta sami shugaban ofishin, Pak Darwis, a bakin ƙofarsa. Ya riga ya sauya zane da baƙar hula na zuwa sallar Juma'a, yana ƙamshin turare, yana neman makullin babur.

"Pak, turkena ne ke motsi."

Ya biyo ta, ya sa tabarau, ya daɗe sunkuye kan taswirar. Mutum ne mai sanyin magana, wanda ya ga duwatsu da yawa sun yi barazana sun fasa.

"Nawa?"

"Santimita talatin da ɗoriya. Kuma awon ya kwana biyar. Mahaifina ya ce matakala biyu sun fito daga ruwa, tsallake kuma ruwa ya shiga gidaje."

"Na'urar jin girgiza ta ƙauyen fa?"

"Tun da tsawa ta ƙona ta ba a kawo wata ba."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Abin da muke da shi ke nan, Nimar: awo ɗaya mai gajimare, da gwiwar dattijo. Tauraro ba zai dawo ba sai Juma'a mai zuwa."

"Juma'a mai zuwa da nisa, Pak."

"Na sani. Kin san kuma wata uku muka ajiye su a makaranta. In muka sake fitar da su ba a ga komai ba, ranar da abin zai zo da gaske ko ganga muka buga ba mai ɗaga ƙafa."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Amma hanya ɗaya ce ke fita daga Muaro Kalam, mai kwana-kwana ashirin da wani abu tana hawa bangon ƙwaryar, kuma girgiza ɗaya mai ƙarfi ta isa ta zubo ƙasa ta toshe ta. Mutum ɗari huɗu ne a ƙasan hanyar. Da sa hannunta suka koma.

"Ni na yi kuskuren," ta ce. "A rubuta haka. A kore ni in an ga dama."

"Ni na sa hannu a ƙasan naki, ba ke kaɗai ba ce." Ya cire hular ya ajiye kan tebur, ya jawo kujera. "Zan kira babban ofis. Sai sun duba, sai sun yi zama, sannan a gaya wa gwamnatin gunduma. In an yi sauri, la'asar. Kafin nan ba ki da izinin sanar da kowa komai, kin ji ko?"

"Na ji, Pak."

Ya ɗauki kan waya, bai dube ta ba. "Sai dai ban taɓa ganin dokar da ta hana 'ya kiran ubanta ba."

Ta fita baranda. Ruwa ya fara yayyafi, masu babur na gudu a titi da leda a kai. Sau uku ta kira kafin ya ɗauka. Ta ji ƙarar tsintsiya, yana sharar farfajiya kafin masu Juma'a su taru.

"Sau biyu a rana ɗaya? Ko miji kika samu?"

"Abak, ka saurare ni. Ku bar ƙauyen. Yau, yanzu, kafin azahar in zai yiwu."

Tsintsiyar ta tsaya. "Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"Ke kuma kika ce mu dawo. Ga taswirarki nan manne kusa da agogon masallaci, da hatimi da komai. Ni na karanta wa mutane sunanki a lasifika."

"Taswirar ba daidai ba ce. Ni na ɓata ta. Da masallacin nake auna komai, ashe masallacin ne ke tashi. Wani abu na turo ƙasa daga ƙarƙashinku, Abak."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ba ya son ya gane. "Baƙin fan nan? Kakana a kansa ya yi salla. Nimar, mutane sun zuba sabon irin kifi a keji jiya-jiyan nan. Wasu ko buhunansu ba su gama kwancewa ba. In na ce su fita, da wane ido zan dube su? Ofis ya yi sanarwa?"

"Bai yi ba tukuna."

"To, ai kin ji."

Ta dafa ƙarfen baranda. Ta san ubanta. Ba a kayar da shi da magana, kuma duk duniya ba abin da ya yarda da shi kamar takardar nan, saboda tata ce.

"Da asuba matakala nawa ka sauka?"

"Na faɗa miki, tara."

"Ka tabbata?"

"Ni da nake ƙirga su da gwiwa?"

"To, don Allah, ka sauka yanzu. Kada ka kashe wayar. Ka ƙirga in ji."

Ya yi tsaki, ya ce 'ya'yan zamani sai su sa tsoho aikin banza, amma ta ji ya jingine tsintsiyar. Ta ji takalmansa na roba kan siminti.

"Ɗaya. Biyu. Wash. Uku."

Ta rufe ido. Ta san matakalar nan kamar tafin hannunta. A ta biyar ta koyi iyo, a ta shida mahaifiyarta kan zauna wanki kafin ta rasu.

"Bakwai. Nan ruwa yake tun ina yaro. Takwas. Tara."

Ta ji ruwa na bugun dutse can ƙasa-ƙasa, da numfashinsa.

"Abak?"

Ta ji takalmi ya sake sauka, a hankali.

"Goma," ya ce. Muryar ba tasa ba ce ta ɗazu. "Rabinta a waje take, ko bushewa ba ta yi ba." "Ruwan da ɗumi, Nimar. Kamar an surka shi. Ga ƙananan kifi nan sun juya ciki sama."

"Ka hau, Abak. Ka hau yanzu."

Ta ji yana hawa, kuma har ya kai sama bai ce wash ko sau ɗaya ba. Ƙofar katako ta yi ƙara. Ta ji an yage takarda daga bango, an ninke ta, an sake ninkewa. Ya ajiye wayar kan wani abu mai tauri, ya manta bai kashe ba. Sai lasifika ta yi ƙugi, ta yi tsuwwa, kamar yadda take yi tun Yusnimar na ƙarama.

Ta dafe baki. Ta san abin da ya kamata ya faɗa, kuma ta shirya jin sunanta ya karaɗe tafkin karo na biyu.

Ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Muaro Kalam, ba kiran salla ba ne, Sapril ne ladaninku. Ni na ce muku ku dawo, ni ne kuma nake ce muku ku fita. Duk mai faɗa ya ajiye, ya yi da ni in mun kai bayan tudu. A fara da tsofaffi da masu goyo."