Randunan Inna 'Yar'azumi

"Mayar da shi," in ji Inna 'Yar'azumi. Ko hannu ba ta miƙo ba.

Ina tsaye a ƙofar ɗakinta, ƙullin kunu yana ƙona min yatsu. Kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba, na dama mata kunun tsamiya da hannuna, amma don na ƙullo shi a leda, wai in mayar.

"Haba Inna! Mutum yana kwance rai a hannun Allah, yana faɗa da leda?"

"Gidanki babu kwanon sha ne, Talatu? Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu."

Na koma ina mita, na juye a kwano na dawo. Ta yi kurɓi uku ta ce ya isa.

Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka a Haɗeja, can gefen gari wajen jingar da ke tare mana kogi. Ita bandar kifi take yi, masuntan Baturiya ke kawo mata. Ni kuwa zoɓo nake ƙullawa a leda ina sayarwa, kun ga ai dole mu riƙa karo.

Abin ya faro ne shekara bakwai da suka wuce. Akuyarta mai ciki ta kumbura ta daina cin abinci, aka yanka ta, mahauci ya farke tumbi ya zaro leda cunkus har ta cika ƙaramin daro. A makon ne kuma ta ji labarin wata mata 'yar ƙasar Meziko a rediyo. Wai matar ta ajiye aikin ofis ta shiga bin kasuwanni da makarantu tana roƙon mutane su riƙa zuwa da mazubinsu daga gida, kuma sharar gidanta ta shekara guda ba ta cika kwalba ɗaya ba.

"Ai wannan zaman uwata ne," ta ce min ta kan katanga. "Sai an je har Meziko za a tuna mana?"

Tun daga ranar leda ba ta ƙara kwana a gidanta ba. Kasuwa da kwandon kaba take zuwa, da kwalbar mai da ƙwaryar gari. Mai sayen kifi ya zo da kwanonsa, ko ta naɗe masa a ganye. Ɓawon kayan miya na awaki ne, kashin awaki na manoman shinkafa. Kullum da safe tana bakin lambatu da sanda tana tsamo ledojin unguwa.

Ni na raɗa mata suna 'Yar Meziko, ba zan ɗora wa kowa ba. A gidan biki nakan rataya kwando ina ɗingishi irin nata, Shamsiyya ta gidan gaba ta yi ta dariya har da hawaye. Rabin ledojin da take tsamowa jajaye ne da zoɓona. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa ce min uffan ba.

Ranar da na kai kunun, bayan ta sha, ta nuna min kwalbarta a kan taga. A ciki take tara abin da ya fi ƙarfinta, irin su ɓawon katin waya. Shekara bakwai ba ta wuce rabi ba, ga ta yanzu ta kusa cika da ɓawon ƙwayoyin magani.

"Ciwon nan ya ɓata min kwalba," ta ce. "Zauna, Talatu, sallahu zan bar miki."

"Wane irin sallahu kuma? Za ki tashi, Inna."

"Bar wannan. Kin ga randunan nan huɗu a gindin darbejiya? Don zaman makokina na saye su. In na cika, ki wanke su ki cika su da ruwan famfo, ki sa moda. Kada a shigo min da fiya wata. Abincin sadaka a faranti, kowa ya ci ya wanke. Kwana uku ne kawai, ki tsare min gidan."

"Me ya sa ni? Ga Sa'idu."

Sa'idu shi ne ɗanta tilo, yana aiki a Kano.

"Sa'idu ba ya iya musu da kowa. Ke kuwa bakinki ko tashar mota aka kai shi zai ci abinci. Ki yi min amfani da shi sau ɗaya."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta kama wuyan hannuna, hannunta sai ƙamshin hayaƙin banda.

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Inna. Allah ne shaida."

Ranar Alhamis bayan azahar ta rasu, kanta a kan cinyata. Na yi kuka na gaske, wannan kam babu ƙarya a ciki. Aka jira isowar Sa'idu. Washegari tun da sassafe, kafin a kai ta, na wanke randunan tas na cika su har wuya, na rufe kowace da faifai na kife moda a kai.

Bayan an dawo daga maƙabarta tsakar gida ta cika da mata. Sai ga Adaidaita Sahu biyu sun tsaya a ƙofa, shaƙe da jakunkunan fiya wata da robobin zuba shinkafa. Adila matar Sa'idu ce ta sa aka kawo. Mace mai kirki, wallahi, fita kunyar surukarta take son yi. Ta hango randunan ta ce, "Ikon Allah! Kada dai a ce da moda ɗaya za a shayar da baƙin Kano."

Shamsiyya ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kayan Meziko ne," ta ce ƙasa-ƙasa. Mata biyu suka rufe baki da mayafi.

A daidai lokacin Sa'idu ya yi sallama ya shigo, idonsa jawur. Ya durƙusa a gabana, a gaban kowa.

"Yaya Talatu, Allah ya saka da alheri. Inna ta ce min a waya ta bar sallahu a wurinki. Me ta ce?"

Na dubi Adila da baƙinta masu leshi, na dubi Shamsiyya da ke jira ta ga abin da zan yi. Ni da na shekara bakwai ina kwaikwayon matar nan, yau in miƙe in ce a mayar da ruwa har Adaidaita biyu saboda leda? Na ji har sunan da za a raɗa min kafin la'asar. Bakin nan nawa da ake tsoro ya bushe ƙamas.

"Cewa ta yi a yafe mata," na ce. "A kuma kula da awakinta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya share hawaye ya yi min godiya. Ni ce ma na yage jakar farko na fara miƙa wa mutane, don in samu abin yi da hannuna.

Kwana uku ana sha ana yarwa. Ƙarƙashin tabarmi, bakin murhun banda, ƙofar ɗakinta, ko'ina fari fat da leda. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce ba a taɓa ganin maƙwabciya irina ba. Kowace addu'a aka yi min sai in ji kamar an watsa min ruwan zafi. Sau biyu na bi Sa'idu har zaure zan faɗa masa, sau biyu na ƙare da tambayar ko ya ci abinci.

Ranar uku bayan addu'a aka watse. Sa'idu ya ba ni makulli ya ce awakin su zauna a hannuna. Da la'asar hadari ya haɗo aka zuba ruwa, ina kallo daga zaurena lambatun ya kwashi ledojin makokinta ya yi hanyar kogi da su, saura suka toshe bakin kwalbati. Babu mai sanda a wurin.

Da aka ɗauke ruwan na ɗauki tsintsiya na shiga gidan. Ƙaramar akuyarta tana tsaye a ƙofar ɗakin tana tauna ledar fiya wata. Na yi kanta da gudu na cusa yatsu a bakinta, rabi na zaro, rabi ya riga ya wuce. Na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa riƙe da guntun ledar na ce, "Inna, ki yafe min," da ƙarfi, yadda ban iya faɗin komai ba ranar Juma'a.

Akuyar ta fizge ta nufi gindin darbejiya tana sansanar randunan. Na bi ta na ɗaga faifan ta farko. Ruwan yana nan har wuya, da sanyinsa. Sauran ukun ban buɗe ba, kowace da modarta a kife yadda na bar ta.