Takardar Asali

Shekara talatin da ɗaya Ungozoma ta yi a unguwar nan, tun ranar da aka kawo ta gidan miji. Da ta yi ritaya daga ƙaramin asibitin unguwa, sai matan layinsu suka matsa mata ta fito takarar kansila, ko a samu mai yin maganar ɗakin haihuwa da rufinsa ke yoyo. Maigidanta bai hana ba, ya dai ce ta tanadi takalmi mai ƙwari.

Sau huɗu tana zuwa ofishin jam'iyya, wani ɗaki mai benci biyu da fankar da ba ta juyawa. Kullum sai a ce maza sun shiga taro, ta jira a baranda. A zuwa na biyar sakatare ya karɓi fom ɗinta. Ita ta yanke masa cibi, shi ya sa ya kasa haɗa ido da ita. Ya yi ta juya takardu, can ya ce saura takardar asali.

"Mama, aure ne ya kawo ki nan. Dattawa sun ce ki nemi kujerar a garin mahaifinki."

Washegari ta hau mota, tafiyar awa uku. Ƙaninta ya raka ta wurin shugaban mazaɓarsu. Mutumin ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ai macen da ta yi aure ta zama ta dangin mijinta, ko rumfar zaɓensu ba ta sani ba. A hanyar tasha ƙanin ya ce, "Yaya, ki haƙura. Ni ma da su nake zaune."

Kafin ta dawo an rufe karɓar fom. Sakatare ya ce kada ta damu, an ware mata muƙamin shugabar mata, ita za ta riƙa tara su ranar gangami. Ta ce za ta yi shawara. Shi ma ya san ba za ta dawo ba.

A tsakar gida ta tarar da matan layi suna jiranta. Ta faɗa musu yadda aka yi, ba ta ƙara gishiri ba. Wata mai ɗinki a cikinsu, wadda ta fi kowa zafi, ta ce zaɓe mai zuwa tun da wuri za su fara. Ungozoma ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ce wa matar ɗanta ta ɗora mata ruwan zafi, kanta ke sarawa.