Rabon Ilu

Malama Rabi'atu tana rubuta lissafi a allo sai ta ga surukarta tsaye a bakin taga tana haki. Iya ba ta taɓa taka makarantar ba.

"Fito," in ji Iya. "Kyauta ta yi asibiti da yaran."

"Wanne ne ba lafiya?"

"Ban tarar da su ba. Ina gidan suna aka ce an ga mijinta Dogo a gaba, ita a baya, ko takalmi babu."

Rabi'atu ta jefar da alli ta fita, ba ta nemi izinin hedimasta ba. Kyauta matar wan mijinta ce, gidansu ɗaya, kuma a kulle take. In har ta fito titin Sule Tankarkar da rana tsaka, abin ba ƙarami ba ne. A hannunta Rabi'atu take barin 'yarta Zinariya kullum da safe, tare da gwangwanin madara da kwalba. Da hutun haihuwa ya ƙare, mijinta ne ya yanke haka kafin ya koma wurin aikinsa a Kano. "Ki bar ta wurin Kyauta," ya ce. "Ai ba abin da take yi." Ita ma haka take gaya wa malamai in sun tambaya.

Tana gudu nono yana mata nauyi, tsumman da ta cusa a riga ya jiƙe. Abu ɗaya take maimaitawa a ranta: da ina gida.

Asibitin ɗaki guda ne da baranda. Da shigarta ta hango ƙafafun Zinariya a bayan Kyauta, a goye, luƙu-luƙu, tana barci. Wanda ke kwance a kan teburin malamin asibiti Ilu ne, ɗan Kyauta, wanda ya girmi Zinariya da kaɗan. Rabi'atu ta ji sanyi a ranta, nan take kuma ta ji kunyar sanyin.

Ta daɗe ba ta kalli yaron da kyau ba. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Malamin ya ja fatar cikinsa ya saki, fatar ta tsaya a tattare.

"Tun yaushe yake gudawa?"

"Ya kwana biyu," in ji Kyauta.

"Me kike ba shi?"

Kyauta ta kwance bakin zane ta fito da kwalba. Rabi'atu ta gane ta. Ita ta saye ta a Gumel.

Malamin ya buɗe ya sansana, ya kau da fuska. "Da wane ruwa kike damawa?"

"Na rijiya."

"Kina tafasawa?"

"In akwai itace."

"To nononki fa? Me ya same shi?"

Kyauta ta dubi ƙasa. A lokacin Zinariya ta farka ta fasa kuka. Rabi'atu ta yi sauri ta kwance goyon ta karɓe ta, ta juya wa mazan baya, ta sa mata nono. Yarinyar ta taɓa da baki, ta saki, ta banƙare tana miƙa hannu wajen Kyauta. Rabi'atu ta sake gwadawa. Yarinyar ta sake ƙi. Haka take yi da yamma tun kwanaki, Rabi'atu tana cewa madara ce ta cika mata ciki, tunda gwangwanin yana raguwa.

"Yaya," ta ce a hankali, "tun yaushe kike ba ta nono?"

"Tun ranar farko ta ƙi kwalbar, Malama. Sai ta shiɗe don kuka. Amanar mutane ce, me zan ce miki in kin dawo?" Kyauta ta goge fuska da gefen mayafi. "Shi ba shi da rigima. Duk abin da aka sa masa a baki sai ya sha. Da dare kuma ina ba shi abin da ya rage."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kina dawowa a gajiye, ga littattafan yara. Ke mai aiki ce."

Malamin ya dubi kumatun Zinariya, ya dubi wuyan Kyauta. "A wannan shekara ta fari da yunwa mace ta shayar da ɗaya ma da ƙyar." Ya juya wajen Dogo, mijin Kyauta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu. "Wane aiki take yi ta bushe haka?"

"Ba ta aiki, ranka ya daɗe. Tana gida."

Rabi'atu ta dubi hannun Kyauta, kantar taɓarya a tafi, sawun igiyar guga a yatsu. Kullum ƙarar surfe ce ke tashin ta da asuba, kuma tana dawowa ta tarar da tuwo a rufe da ruwan wanka a tulu. Ba ta taɓa tambayar yadda aka yi ba.

"Gumel za ku kai shi a ƙara masa ruwa," in ji malamin. "Ni ba ni da kayan. Yau Alhamis, motoci duk sun wuce kasuwar Maigatari tun da safe, sai wadda Allah ya kawo. Kai, je ka tsaya a bakin titi. Kafin nan a sa masa nono, ko ɗigo ne. Kwalbar nan kuma kada in sake ganin ta."

Dogo ya fita da gudu. Kyauta ta ɗauki Ilu ta zauna a bencin baranda ta sa shi a ƙirji. Yaron ya ja, ya ja, ya saki. Ta mayar da shi ɗaya ɓangaren. Ta matsa da yatsu, babu abin da ya fito.

"Zinariya ta shanye da hantsi," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

Rabi'atu ta zauna kusa da ita. Ta ɗora mata Zinariya a cinya, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi."

Iya ta iso ke nan, tana dafe da ginshiƙin baranda. Tun ranar sunan Zinariya take kiranta amaryar Ilu. "In ya sha naki, Rabi'atu, sun zama wa da ƙanwa. Kin kashe min aure."

"Iya, wannan auren ai ya daɗe da mutuwa," in ji Kyauta.

Yaron ba shi da nauyin komai. Rabi'atu ta matsa masa ɗigo a leɓe. Bai motsa ba. Ta sake matsawa, ta shafa masa a dasashi da yatsa. Can ya buɗe baki, ya kama, da rauni. Ta kafa ido a maƙogwaronsa har ta ga ya motsa, sannan ta saki numfashi.

Daga nesa aka ji ƙarar ƙarfen makaranta, an koma aji.

"Malama, za a neme ki," in ji Kyauta.

"Bari ya ƙoshi."

A bakin titi Dogo yana ta leƙen gabas da yamma, babu mota. Kyauta ta jingina kai da bango, Zinariya tana wasa da bakin mayafinta. Kafin a jima barci ya ɗauke ta a zaune, hannuwanta a sake a kan benci. Rabi'atu ba ta taɓa ganin su babu komai a ciki ba.